Shinkafar da Na Sani da Hanci

Gidan da na zauna a unguwar Whalley Range ta Manchester irin manyan gidajen nan ne na masu kuɗin da, waɗanda aka yayyanka aka zuba 'yan haya. Mu uku ne a ciki. Ni ce a tsakiya, ni da littattafaina da karatun digirin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A samana akwai Anti, 'yar Jos, mai aikin kula da tsofaffi, wadda ba ta fashin coci ko ƙanƙara ake zubawa. A ƙasa kuma wata tsohuwa ce baƙar fata 'yar Amurka, muna ce mata Kaka. Aure ne ya kawo ta Manchester tun tana budurwa, mijin ya rasu, ita ta zauna. Daɓen gidan na katako ne, ya tsufa ya bubbuɗe, don haka babu wani sirri a tsakaninmu. In Anti ta yi tari ina ji, in Kaka ta ɗora tukunya kuwa tun kafin ta jefa gishiri na sani.

Juma'a da hantsi take girkinta na musamman. Ina zaune a bakin taga ina fama da takardu, ruwan nan na Manchester da ba ya zuba ba ya ɗaukewa yana bin gilashi, sai ƙamshin ya fara hawowa ta tsagin katako. Nama ne ke fara zuwa, mai hayaƙi, ana soya shi har sai na ce yau kam ta ƙona. Daga nan albasa, da koren tattasai, da wani abu mai ƙamshin ɗanyar ciyawa da ban san sunansa ba a lokacin. Sai tafarnuwa. Bayan haka komai ya lafa, an rufe tukunya, ƙamshin ya daina zuwa ɗaya-ɗaya ya haɗe ya cika ɗakin. Sau da yawa a daidai nan barci ke ɗauke ni a kan littafi, in ga kaina a wani tsakar gida da ban taɓa shiga ba, ga ruwa har bakin ƙofa, ga wata mata ta ba ni baya tana fifita wuta. Ƙwanƙwasar ƙofa ce ke tashe ni.

Ran da ta fara kawo min, ban cika wata guda a gidan ba. Na buɗe na gan ta tsaye da kwano a rufe, tana haki saboda matakala. Ta ce sunansa jambalaya, abincin garinsu ne, shinkafa da sosej, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji. Na rusuna na karɓa da hannu biyu, na yi godiya har sai da ta yi dariya. Da na rufe ƙofa na ɗaga murfin: shinkafa ce ruwan ƙasa tana sheƙi, da yankan nama zagaye-zagaye a ciki. Yawuna ya tsinke. Na ɗauko waya na duba yadda ake yin sa, ko'ina na buɗe abu ɗaya nake gani, da sosej ɗin alade ake yi.

To, ga inda wautata take, kuma ba na ɓoye ta. Matakala goma sha wani abu ne tsakanina da ita. Da na sauka na ce, “Kaka, da naman me kika yi?” da magana ta ƙare a ranar. Amma ni a gidan da na tashi ba a tambayar babba abin da ya saka a abinci. In ka tambaya kamar ka ce ba ka yarda da tsaftarsa ba ne, ko kana zargin an yi maka barbaɗe. Ba a kuma mayar da hannun kyauta baya, balle na tsohuwar da ta hau bene da ciwon gwiwa. Zubar da abinci kuwa ko a mafarki ba zan iya ba. Sai na ɗauki kwanon na hau sama wajen Anti.

Anti ta cinye tas a gabana, tana lumshe ido. Ta ce, “'Yar Kano, Allah ya ƙara miki kunya, tunda kunyarki ta zama rabona.” Na wanke kwanon, na zuba dubulan a ciki, don ba a mayar da kwano hannu rabbana, na sauka da shi. Kaka ta tambaye ni ya na ji abincin. Na ce ya yi daɗi ƙwarai. Fuskarta ta washe, ta ce to kullum Juma'a in saurari ƙofa.

Haka muka yi shekara biyu. Kwano ya hau wajena, ya zarce wajen Anti, ya sauko da waina ko cincin ko dambun shinkafa, ni kuma in yi ƙaryata ta mako in dawo. Tun abin yana damuna a ranar Juma'a kaɗai har ya koma yana damuna kullum, saboda na zo na ƙaunaci matar nan. Da yamma nakan sauka in zauna a wajenta, ta miƙe ƙafa a kan ƙaramar kujera ta yi ta ba ni labarin garinsu a Louisiana. Ta ce ƙasa ce da ruwa ya fi tudu yawa, gonakin shinkafa iya ganinka, bishiyoyi a tsaye cikin fadama da wani abu kamar gemu yana reto a rassansu, kwaɗi suna kuka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Tana faɗa ni ina ganin fadamun Kura, inda ake kai mu hutu muna yara. Wani lokaci sai in rasa garin wa muke ciki, nata ko nawa, har motar bas ta wuce a titi taga ta girgiza.

Sau ɗaya na kusa tona kaina. Na ce mata ai abincin nan ɗan uwan dafa-dukanmu ne, bambancin kawai mu muna sa tumatir. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, “Tumatir na mutanen birni ne, 'yata. Mu 'yan fadama, launinmu daga gindin tukunya yake fitowa.” Na ce haka ne, na ji a bakina. Wallahi sai da na tsani kaina a ranar.

Shekarun nan ne na tsuke bakin aljihu, da gwamnati ta bi komai da almakashi. Kullum sai wasiƙar ƙaramar hukuma ta faɗo ta ramin ƙofa, cike da ban haƙuri, ana sanar da an rufe wani abu. Aka rufe zauren da tsofaffin unguwa ke haɗuwa su sha shayi, inda Kaka ke zuwa Talata da Alhamis. Matar da ke leƙo ta safe da yamma aka mayar da ita safe kawai, shi ma a tsaitsaye. Anti, da yake aikinta ne, takan dawo tana huci, ta ce an ba ta tsofaffin da ko ruwa ba ta isa ta tsaya ta ga sun shanye ba. Wata ranar Laraba da rana ina jami'a, Anti tana wajen aiki, Kaka ta faɗi a ɗakin girki, ba a gan ta ba sai da Anti ta dawo. Ɓarin jikinta na dama ya shanye. Daga asibiti 'yarta ta wuce da ita Birmingham, ko sallama ba mu yi ba.

Juma'a ta zama rana kamar kowace. Ina zama a bakin tagar in ji hancina yana jira, babu abin da ke hawowa sai sanyi da warin tsohon katako. Wata uku a haka, sai 'yar ta kira ni. Ta ce jikin Kaka ba daɗi, maganarta ta dawo amma abinci ya gagara, cokali biyu ta kawar da kai. Ta ce tana yawan tambayar 'yarta ta saman bene, wato ni. Sannan ta ce in zan zo, in zo da wuri.

Na ajiye wayar na san abu ɗaya: ba zan bari matar nan ta bar duniya da ƙaryata a kunnenta ba. Amma kuma na kasa tunanin in shiga mata hannu biyu babu komai sai wannan maganar. Sai na ƙudura zan dafa abincinta da kaina, da halal, tun daga sosej ɗin har shinkafar, in kai mata, in ci a gabanta, sannan in faɗa mata gaskiya. Anti ta ce, “Ke da ba ki taɓa sa shi a baki ba?” Na ce ni ke da hanci, ita ke da harshe, in muka haɗu ai mun yi mutum guda.

A sanina babu inda ake sayar da kyafaffen sosej na halal irin wanda nake gani a kwanon, don haka ranar Alhamis na je wajen mahaucin unguwa na ce ya niƙa min naman shanu da kitse, ya kuma ba ni hanjin rago. Ya dube ni, ya ɗaure min ya miƙo. A gida na tsaya a bakin famfo ina wanke hanjin da gishiri da lemon tsami, ina juya cikinsa waje ina ɗura ruwa ina tatsewa. Hannuna ya tuna aikin tun kafin ni in tuna. Aikinmu ne na babbar salla a gidan Gwaggo, mu 'yan mata a layi a bakin rariya, ana wanke kayan ciki ana gulmar wanda ya yanka ƙaramin rago. Na daɗe tsaye ruwa yana zuba a hannuna, ina jin muryoyinsu a bayana, har yatsuna suka yi sanyi suka ƙanƙance.

Na kwaɓa naman da tafarnuwa dakakkiya, da garin barkono, da masoro, da gishiri, da garin jan tattasai. Na yanke wuyan gorar ruwa na yi mazurari da shi, na zura bakin hanjin, na fara turawa da babban yatsa. Na farko ya fashe. Na biyu ma ya fashe, ya fesa min nama a gaban riga. Na yi tsaki na ce da hanjin ai ba shi ya fi ni taurin kai ba, ragon da ya fito daga cikinsa ma an kayar da shi. A na uku na gane ba a cika shi dam, ana barin wuri, ana huda iskar da allura. Kafin azahar ina da guda tara a faranti, ba su yi kyau ba, wani ya yi ciki wani ya rame, amma dai sun ɗauru.

Kyafawar a bayan gida na yi, don in na hura gawayi a ciki ƙararrawar gobara za ta tara min unguwa. Anti tana da ɗan kurfoti na gashin nama, na kai shi ƙarƙashin bishiyar tuffa da ke jikin katanga, na bar wutar ta mutu sai rushi, na ɗora ɗanyun ƙirare, na jera sosej ɗin a kan waya na kifa tsohon kwano. Yayyafi ake yi. Na zauna a kan bulo da lema a hannu, hayaƙi yana fita ta gefen kwanon a hankali, ba ya tashi sama, sai ya kwanta a kan ciyawa ya bi ta ƙarƙashin tagar Kaka, wadda har lokacin labulenta ke rataye. Ban san awa nawa na yi a wurin ba. Na dai ga kamar labulen ya motsa sau ɗaya, na kuma san babu kowa a ciki.

Asabar da sassafe muka ɗora. Anti ta sauko da kujerarta ta zauna a bakin ƙofar ɗakin girki kamar alƙali. Na yayyanka sosej ɗin zagaye-zagaye, na yanka cinyar kaza ƙanana, na yanka albasa da koren tattasai da seleri, wanda sai da na bi kayan lambu a kanti ina shinshinawa ɗaya bayan ɗaya kafin na gane shi ne mai ƙamshin ciyawar nan. Sannan hannuna, ba tare da shawarata ba, ya ɗora ruwa zai yi wa shinkafa tafasa ɗaya a tace, yadda uwata ta koya min. Anti ta ce, “Sauke. Tata ba ta warwatse kamar ta biki, a jiƙe take, tana riƙe da juna.” Na sauke. Can kuma na tsinci kaina na buɗe firji ina laluben tumatir, sai da na ja hannun da ɗayan.

Na zuba mai kaɗan na jera naman, na bar shi. Nan ne wahalar take, domin duk tarbiyyata cewa take in juya. Gindin tukunya ya fara kamawa, ya yi ja, ya koma ruwan ƙasa, ya nufi baƙi. Na rufe ido na daina kallo. Na mayar da kaina bakin taga da littafi a gaba, ina jiran lokacin nan da nakan ce yau kam ta ƙona. Da ya zo na gane shi kamar muryar wanda na sani. Na kwashe naman, na zuba albasa da tattasai da seleri, ruwansu ya fito ya narkar da abin da ya kama, ina kankarewa da muciya, komai yana rinewa. Sai tafarnuwa, da thyme, da ganyen nan busasshe da muke jefawa a jalof. Na zuba ɗanyar shinkafa na juya ta cikin man, na kwarara romon kaza, na mayar da nama, na rufe, na rage wuta. Anti ta ce kar in kuskura in buɗe, don ita daga sama ba ta taɓa jin ƙarar murfi ba sai sau ɗaya.

Muka zauna muna jira. Ƙamshin ya haɗe ya cika gidan, ya sauka matakala maimakon ya hawo. Anti ta share ido da gefen zani ta ce hayaƙi ne, alhali babu hayaƙi. Da ya nuna na zuba mana a faranti ɗaya. Na ci, ya yi daɗi, mai yaji a baya-baya, amma ni ba ni da abin da zan gwada shi da shi. Na zuba wa Anti ido. Ta tauna ta daɗe, sannan ta ce, “Sun yi kama. Kamar 'yan uba.”

Na cika kula, na naɗe ta da tawul, na hau motar Birmingham. Tana kan cinyata tana ɗumama ni, gonaki kore shar suna wucewa da tumaki a cikin hazo, ni kuma ina ta maimaita maganar da zan faɗa, da Turanci, da Hausa, in gyara in sake. Na yi gyangyaɗi, na farka muna shiga gari.

'Yar ta buɗe min, ta kai ni ɗakin baya. Kaka tana kan kujera a jikin taga, an lulluɓe ta da bargo, ta koma rabin yadda na san ta. Hannunta na dama yana kwance a cinyarta, yatsun a lanƙwashe. Ta ce, “'Yata ta sama,” bakin yana ja gefe guda. Na durƙusa na gaishe ta. Da na kwance tawul ɗin na buɗe kular, sai ta rufe ido ta ja numfashi, ta daɗe ba ta sake shi ba.

Na ba ta a baki. Ta ci cokali ɗaya, biyu, uku, 'yar tana tsaye a bakin ƙofa tana ƙirgawa da ido. Ni ma na ɗebi nawa na ci a gabanta. Na ajiye cokalin na buɗe baki zan fara, sai ta riga ni. Ta ce sosej ɗin nan ba na kanti ba ne. Na ce ni na yi, da hanjin rago, na kyafa a bayan gida.

Ta ce, “Me ya kai ki wannan wahala? Ai da kin je Cheetham Hill, wajen mahaucin nan musulmi da nake sayo miki naki.”

Na ce, “Nawa, Kaka?”

Ta ce, “Naki mana. Na naman shanu ne, ya iya kyafawa. Mota biyu nake hawa, amma nan kusa babu mai yin sa. Rabin rayuwata ina dafa wa yaran makaranta abinci a Old Trafford, kina tsammani ban san abin da musulmi ba ya ci ba? Tun ran da na gan ki da mayafi na sayi tukunya sabuwa, ba ta taɓa ganin alade ba.”

Ɗakin ya yi min nisa. Na ga matar nan da sandarta a tashar mota cikin ruwa, mako bayan mako, shekara biyu. Anti ba ta taɓa bambancewa ba saboda yaji da hayaƙi, ni kuma ko ita ban taɓa tambaya ba. Kunya irin wadda na ji a lokacin ban taɓa jin ta ba, kuma zuciyata ta ce in yi shiru, in bar tsohuwa da farin cikinta. Amma abin da ya kawo ni ke nan, kuma shirun ne ya kai ni inda nake.

Na ce, “Kaka, ban taɓa ci ba. Ko sau ɗaya. Na ɗauka alade ne, na ji nauyin tambayarki. Anti nake kai wa. Ki yafe min.”

Ta juya ta kalli taga, inda babu komai sai katanga da igiyar shanya. Na ji agogon ɗakin, na ji 'yar ta bar bakin ƙofa a hankali. Hawaye yana zubo min ban share ba.

Can ta ce, “Ita tana cinyewa?”

Na ce tana cinyewa tas.

Ta gyaɗa kai. Sai na ga tana yunƙuri, ta dafa hannun kujera da hagu, ta ce in kama ta mu je ɗakin girki, akwai shinkafa a gidan, ba zai ɗauki awa ɗaya ba. Na riƙe ta, ta taso kaɗan, ƙafar ta ƙi. Ta koma ta zauna tana haki. Ta sa hannun hagu ta ɗago na daman, ta dube shi, ta mayar da shi kan bargon ta gyara masa zama.

Ta ce, “Da kin tambaye ni, 'yata.”

Na ce, “Da na tambaya.”

Ta buɗe baki, na ɗebo wani cokalin na ba ta. Ta ci huɗu bayan wannan, ta ce gishirina ya yi kaɗan kuma na yi saurin kwashe naman. Kwana goma sha ɗaya ta ƙara a duniya. Ina dafa jambalaya har yau, yarana suna so, baƙi suna yabawa, ni kuma ban san ɗanɗanon nata ba.